Zannuwan Dije

"Dije, sauka can ƙasa da kayanki. Nan muke ɗiban na sha."

Balaraba ce ta faɗa, matar mai awon hatsi, tana tsaye da tulu a ka. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma dubi wadda take yi wa maganar ba. Mu biyar ne a bakin rafi da hantsin nan, kowa ta sunkuyar da kai kan wankinta kamar ba ta ji ba. Ni ma haka na yi, kuma har yau ina jin kunyar wannan sunkuyon.

Dije ta miƙe. Ta tattara jiƙaƙƙun zannuwanta ta zuba a ƙwarya, ta bi gefen ruwa ta gangara har mashayar shanun Fulani, inda ƙasa ta dame ta zama taɓo. Dutsen da ta tashi daga kai ya jiƙe, kuma ba ruwan rafi ne ya jiƙa shi ba. Balaraba ta kamfato ruwa da ƙoƙo ta watsa a wurin.

Sunana Saude. Danga ɗaya ce ta raba gidanmu da na su Dije, a ƙauyenmu da ke gabas da Burumburum. Abin da nake ba da labari ya faru shekara biyu kafin Sarauniyar Ingila ta zo Kano. Dije ta girme ni da kamar shekara goma, shi ya sa nake ce mata Yaya. Ranar da aka kawo ni gidan miji, ita ta fara leƙo ni da ƙwaryar fura. Furar sayarwa take yi a lokacin, kuma duk unguwar babu mai faifai da ludayi masu tsabta irin nata. Har cewa ake yi ko ƙuda ya zo gidan Dije sai ya wanke ƙafa.

Cikinta na shida ne ya kawo abin. Naƙuda ta zo mata a tsakiyar damina, rafi ya cika ya yanke hanya, ta kwana huɗu a durƙushe. Da ƙyar ungozoma ta ciro yaron, ba rai. Tun daga ranar fitsari bai ƙara tsaya mata ba. Tana tsaye yana zuba, tana kwance yana zuba. Da kaka ta yi, mijinta Malam Ladan ya ɗora ta a bayan motar gyaɗa, bisa buhuna, suka tafi asibiti a birni. Suka kwana tara a gindin bishiya, sannan aka ce musu likitan da ke irin wannan aiki ba ya nan, su dawo wata shekara. Suka dawo gida. Fura kuwa ko kyauta ba mai karɓa.

Malam Ladan bai sake ta ba. Mutum ne marar magana, daga gona sai masallaci. Ya gina mata ɗan ɗaki a bayan rumbu don ita ta roƙa, ya riƙa kawo mata ruwa da jaki. Wanki ya zama aikinta na kullum: zannuwa huɗu da tsummokaran da take ƙunzugu da su, safe da yamma. Ta sa sabulun salo, ta sa ruwan toka, ta buga a dutse har hannunta ya tsattsage. Dauɗa tana fita, zarni ba ya fita. Zanen in ya bushe sai ya yi tauri kamar fata, ya goge mata cinyoyi har suka yi miki.

Ranar da aka kore ta a rafi, da yamma na shiga wurinta na tarar da baƙuwa zaune a bakin ƙofa. Hajiya Asma'u ce, tsohuwar da ta je Makka a ƙasa, ta yi shekara goma sha ɗaya a hanya, tana wankau a garuruwan Sudan don ta sami guzuri. Ta ji abin da ya faru. Ta ɗauki zane guda daga igiya, ta kai hanci ba tare da ta yamutsa fuska ba.

"'Yar nan, kina kashe hannunki a banza," in ji ta. "Sabulu dauɗa ya sani. Zarni kuwa tsami ne ke kashe shi."

"Na gwada ruwan tsamiya, Hajiya. Sai ya rine mini zanen."

"Ba tsamiya ba. Kal. Wani ruwan tsami ne, can gabas da shi muke ɗauraye kayan marasa lafiya da na jarirai. Ki sa a samo miki ruwan rake wurin masu mazarƙwaila, kafin su dafa. Ki zuba a sabon tulu, ki ɗaure bakin da ƙyalle, ki ajiye a inuwa kwana arba'in. Kada ki taɓa. Zai yi kumfa, zai yi wari, ki ƙyale shi. In ya kwanta ya yi tsami mai yanka hanci, ya zama. Bayan kin gama wanki, ludayi biyu a ƙwaryar ruwa, ki tsoma zanen ya ɗan jima, ki matse ki shanya a rana."

Washegari Malam Ladan ya kora jakinsa zuwa fadama ya dawo da ruwan rake. Dije ta riƙa ajiye tsakuwa ɗaya kullum a gindin tulun don kada kwanakin su ɓace mata.

Bayan kwana arba'in da biyu, ina daka, sai ga ta ta shigo gidanmu ta ɓarakar danga. Rabonta da shigowa an fi shekara. Ta zo ta tsaya dab da ni, kusan kafaɗarmu na gogar juna.

"Saude, don girman Allah kada ki rufa mini. Me kike ji?"

Na ajiye taɓarya na ja numfashi. "Wallahi Yaya, sai ɗan tsami-tsami, kamar an buɗe ƙwaryar kunu."

Ta kama gefen zanen ta sa mini a hannu. Ya yi laushi kamar sabo. Sai ta yi dariya, dariyar da na manta tana da ita, ta zauna a kan turmina da ke kife ta ce in ba ta ruwa ta sha. Ba ta daɗe ba, don sabon zane da sabon ƙunzugu ba sa kai ta fiye da ɗan lokaci. Amma ɗan lokacin nan ya isa ta yi sallah ba tare da zuciyarta na raya mata ƙazanta ba, ya isa ta gaisa da mutum a tsaye. Da ta tafi na ɗauki ƙoƙon da ta sha ruwa na wanke shi sau biyu da toka. Ban san dalili ba. Ba ta gani ba, amma ni na san na yi.

A cikin watannin nan ne labari ya zo daga Kiru cewa Hauwa na da ciki. Hauwa ita ce 'yar farin Dije, kuma ita kaɗai ta rayu a cikin shidan. Dije ba ta kama sunanta, sai dai ta ce "yarinyar nan". Bisa al'ada cikin fari gida ake zuwa a haife shi, uwa ta dafa ruwan wanka, ta dama kunun kanwa, har a yi arba'in.

"Ni zan yi mata," in ji Dije. "Wa zai yi in ba ni ba? Ga kayan jariri, ga nata, ga nawa. Tulu ɗaya ba zai isa ba."

Ta sa Malam Ladan ya sayo manyan tuluna biyu, ya cika su da ruwan rake. Ta share ɗakin da Hauwa za ta zauna, ta yi masa sabon yaɓe da hannunta, ta fara tara itace a bayan rumbu.

Kwana goma sha biyu da zuba ruwan, zafi ya yi yawa, tulunan suka taso. Kumfa ta jiƙa ƙyallen, wari ya bi iska ya haye danga ya fita har hanya. Wanda duk ya taɓa wucewa ta unguwar masu burkutu a kasuwar ƙauye ya san irin warin. Ban san wanda ya kai magana ba. Ranar Laraba bayan la'asar sai muka ji sallama a ƙofar gidan Malam Ladan, muryoyin maza da yawa. Ina wurin Dije a lokacin muna tsince wake. Muka matsa jikin dangar zaure muka kasa kunne.

Mai unguwa ne da liman, da mutum kamar goma da suka biyo su daga masallaci. Bayan gaisuwa mai unguwa ya gyara murya.

"Malam Ladan, magana ce ta zo mana, ba mu so mu yarda ba. An ce ana dafa giya a gidanka."

"Subhanallahi. Ranka ya daɗe, ni? A gidana?"

"To warin nan fa? Ga shi muna ji daga nan."

"Magani ne, ranka ya daɗe."

"Fito da shi a gani."

Malam Ladan ya shigo. Bai dube mu ba. Ya rungumi tulu ɗaya ya fita da shi, ya dawo ya ɗauki na biyu. Muka ji an kwance ƙyalle, muka ji maza suna ja da baya suna a'uziyya.

Liman ya ce, "Malam Ladan, ka ji tsoron Allah. Wannan ai ba ya bukatar shaida. Maganin me ake yi da wannan?"

Dije ta kama hannuna ta matse. Duk matan garin sun san lalurarta, kuma na tabbata mazan ma sun ji a bakin matansu. Amma ba a taɓa faɗa a zaure ba. Namiji in ya gamu da Malam Ladan sai ya ce "Ya mai jiki?" ya wuce. Wannan rufin ne kaɗai ya rage mata.

"Mun ji ka yi shiru," in ji mai unguwa. "In ba ka da ta cewa, sai mu kai maganar gaban dagaci."

Sai Malam Ladan ya ce, "Allah gafarta Malam, iyalina ce. Tun haihuwar da ta yi ba ta iya riƙe fitsari. Shekara biyu ke nan yana zuba. In abin nan ya kwana arba'in yana zama kal, da shi take ɗauraye zannuwanta don kada mutane su ji zarni. Ba sha muke yi ba. Wanki ne."

Wani daga baya ya yi tari. Wani ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Hannun Dije ya saki nawa.

Liman ya dubi tulunan. Sannan ya ce, a hankali, "Kal halas ne, babu saɓani. Da ka zo ka gaya mini tun farko. Amma wannan da ke gabanmu bai zama kal ba tukuna, kuma jama'a sun riga sun gani."

"A zubar, a huta da surutu," in ji mai unguwa. "Allah ya ba ta lafiya."

Malam Ladan da kansa ya tuntsurar da su a kwatar ƙofar gida. Ruwan ya biyo ta ƙarƙashin danga ya shigo har inda muke tsugune. Dije ta janye ƙafarta, ta tashi ta shiga ɗaki ta saki asabari.

Magana ba ta kwana a gari ɗaya. 'Yan kasuwa suka ɗauke ta, ta isa Kiru da ƙari: wasu suka ce giya, wasu suka ce ciwo. Kafin sati biyu wani ƙanen mijin Hauwa ya zo a kan keke da goro da gaisuwa mai yawa. Ya ce iyayensa sun ce tunda mai jiki ba ta da ƙarfi, kada a ɗora mata wahala, Hauwa za ta haihu a can, surukarta za ta kula da ita. Ya ƙi shiga cikin gida, ya ƙi shan ruwa, ya ce yana sauri.

Malam Ladan ya shiga ya gaya mata. Ina jin su ta danga.

"Sun kyauta," in ji ta. "Sun yi tunani."

"In kin yarda in je da kaina in roƙe su."

"A'a, Malam. Ka bar yarinyar nan ta haihu inda ba za a toshe hanci a kan ɗanta ba."

Ya ce zai sake kawo ruwan rake, ya ajiye tulun a gona inda ba mai ji. Ta ce ya bari.

Daga nan ta daina shan ruwa. Ba gaba ɗaya ba, sai dai ta jiƙa leɓe. Bazara ce, irin wadda kaji ke buɗe baki a inuwa. Na kai mata kunu ta sha ludayi biyu ta ture. Na kai mata ruwan randa mai sanyi.

"Yaya, ki sha. Dubi bakinki duk ya fashe."

"In ban sha ba, ba ya zuba da yawa."

"To ai kashe kanki za ki yi."

"Ba na kashe kaina, Saude, Allah ya kiyaye. Na gaji da wanki ne kawai."

Wankin ya dawo hannuna. Akwai sauran kal na tulun farko a cikin wani gora, na riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan, daga ludayi biyu na koma ɗaya, daga ɗaya na koma rabi. Abin da ke fita daga jikinta ya ragu, amma ya yi duhu, ya yi kauri, warinsa ya fi ƙarfin abin da nake zubawa. Zazzaɓi ya kama ta, da ciwon baya da ke sa ta cije zane. Malam Ladan ya karɓo rubutu, ya karɓo saiwoyi wurin Fulani. Tana karɓa ta ce an gode, ta ajiye a gefen gado. Hajiya Asma'u ta zo ta yi mata faɗa irin na tsofaffi, ta ɗura mata ruwa da ludayi, Dije ta amayar. Da muka fito Hajiya ta ce mini, "Abin ya hau sama, ya kama ƙoda. Ko ta sha rafi yanzu, sai dai ikon Allah."

Ranar da goran ya ƙare, na zuba ruwa a ciki na girgiza na juye a ƙwarya. Ban gaya mata ba, amma da na ɗaura mata zanen ta shafa shi ta ce, "Ya ƙare ko?"

"Saura kaɗan."

"Ba ki iya ƙarya ba tun kina amarya." Ta ja numfashi. "Saude, alfarma ɗaya. In ta Allah ta kasance, ke da Hajiya kaɗai za ku wanke ni. Kada ku bar kowa ya shigo ɗakin nan sai kun gama. Ko an ce za a taya ku, ku ce kun gode."

"Haba Yaya, daina irin wannan magana."

"Ki ce kin ji."

"Na ji."

Ranar Lahadi aka aiko daga Kiru: Hauwa ta sauka lafiya, namiji. Malam Ladan ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaya mata har sau biyu, don hankalinta ya fara zuwa yana tafiya. Ta buɗe ido.

"Kwana nawa ta yi tana naƙuda?"

"An ce daga asuba zuwa hantsi."

"Alhamdulillahi. Tana riƙe fitsarinta?"

Malam Ladan ya dube ni. Ba wanda ya san amsar, ba abin da ake aikowa da shi ba ne. Na ce, "Lafiyarta ƙalau, Yaya."

"To," in ji ta. Ta juya fuska ga bango.

Ta cika ranar Talata tsakanin azahar da la'asar. Ina yi mata fifita, Malam Ladan na karanta mata kalmar shahada, leɓenta na motsi har ya daina. Muka yi yadda ta ce. Ni da Hajiya muka saki asabari muka wanke ta, ba ta fi nauyin yarinya 'yar shekara goma ba. Mata suka cika tsakar gida, har da Balaraba, wadda ta kawo ruwa tulu biyu ta tsaya tana kuka da gaske. Ta ce a bar ta ta taya mu. Na ce mun gode. Maza suka ɗauke ta kafin rana ta faɗi. Hauwa ba ta zo ba, tana cikin jego, kuma an ce surukanta sun ɓoye mata har sai da aka yi suna.

Bayan sadakar uku aka fitar da kayanta. Tukwane da faifai da tasoshi duk an sami masu so. Zannuwan nan huɗu na wanke su na ninke na ajiye a kan tabarma tare da sauran kaya. Har aka watse ba wadda ta taɓa su.

Da aka kwana bakwai, da safe, na ji sara a bayan rumbunsu. Na leƙa ta danga. 'Yan'uwan Malam Ladan sun ce masa ɗakin ba zai shigu ba sai an fasa daɓen an zuba sabuwar ƙasa, don abin ya riga ya ratsa. Ya cire asabarin, ya fitar da gadon kara, ya shiga da fartanya. Ya fasa daga bakin ƙofa har tsakiya, yana kwashewa a kwando. Da ya kai gefen bango, inda ƙafafun gadon suka bar rami huɗu a ƙasa, sai saran ya tsaya.

Na koma na ɗora tukunya, na tankaɗe gari, na tuƙa tuwo. Da na sake leƙawa rana ta take tsaka. Yana zaune a bakin ƙofa, fartanya a kan cinyarsa, kwandon rabi da ƙasa a gabansa. Wata kaza ta raɓa ta gefensa ta shiga ɗakin da 'yan tsakinta, ta hau tonon inda ya fasa. Bai kore ta ba.